Da gaske ne abu mahhala na cin duk harsashin da ya shiga raminta?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen Jidda ne, a nan nake zaune, kuma ina da lasisin ƙaramar bindiga. Libarba ce, irin wadda muke kira abu mahhala a nan, na saye ta a baje kolin shahuna da kayan farauta da ake yi a Malham, arewa da Riyad. An rubuta .357 Magnum a jikin bututunta, amma mai sayarwa ya ce mini tana cin .38 ma. To da baffana ya rasu, Allah ya jiƙansa, sai muka tarar da wani gwangwani a ƙasan akwatinsa cike da tsofaffin harsasai. Wasu an buga 38 SPL a gindinsu, wasu 38 S&W, wasu kuma .380. Wani abokina da muke zama a istiraha, wato wurin hutu da hira, ya ce kada in wahalar da kaina, abu mahhala ba ta zaɓe, duk abin da ya shiga rami ya zauna to a harba kawai, har ya ce akwai wata ta Amurka mai cin harsashi iri 25. Mene ne gaskiyar wannan magana, kuma zan iya amfani da na baffa?

Daga wani mai karatu a Jidda

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan baffa, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi.

Mai sayarwa ya faɗa maka gaskiya: libarbar da aka rubuta wa .357 Magnum tana cin .38 Special lafiya lau, don haka aka ƙera ta. Bindigar nan ta Amurka da abokinka ya ambata ita ma akwai ta. Amma ƙa'idar da ya ba ka, wai duk abin da ya shiga rami a harba, ita ce take raba mutane da yatsunsu da idanunsu, kuma ina roƙonka ka koma ka gyara masa ita tun bai koya wa wani ba. Harsasan baffa kuwa, ko ɗaya kada ka saka a bindigarka.

Akwai dalilin da ya sa ake wannan magana a kan libarba, ba a cika yinta a kan fistol mai magazin irin su Glock ba. Fistol da ƙarfin harsashi take aiki. Harbin da aka yi shi zai tura saman bindigar baya, ya tofar da kwanso, ya ɗauko na gaba daga magazin ya cusa. In harsashin ya yi gajarta ko ya yi rauni sai ta cije. Libarba kuwa yatsanka ke yi mata wannan aikin: ka ja kunama, silinda, wato gangar da ke ɗauke da ramukan harsashi, ta juya, rami na gaba ya daidaita da bututu, guduma ta sauka. Ba ruwanta da ƙarfin abin da ke ciki ko rauninsa. Sannan ka ɗauki harsashin libarba ɗaya ka dubi gindinsa, za ka ga wani ɗan leɓe da ya fi jikin kwanson faɗi. Wannan leɓen ne ke tokare bakin rami, ya hana harsashin zurmawa ciki, ya tsayar da shi daidai inda allura za ta buge shi. Tunda da gindi yake tsayawa, gajeren kwanso zai zauna daram a dogon rami, muddin kaurinsu ɗaya ne kuma ƙwayar da ke kansa ta dace da bututu.

Taka bindigar ita ce misali mafi kyau. An fito da .38 Special a 1898, kuma shekaru da yawa shi ne harsashin 'yan sandan Amurka. A 1935 kamfanin Smith & Wesson ya fito da .357 Magnum, wanda a asali .38 Special ne aka ƙara wa ƙarfi sosai. Ƙwayar da suke harbawa kaurinta ɗaya, inci 0.357, wato milimita 9 da ɗan ɗoriya. Lambar 38 ɗin tsohon lissafi ne da ya fi kusa da kaurin kwanso. In ka jera su biyun a tafin hannunka za ka ga bambancin kwansonsu ɗan kaɗan ne, na Magnum ya fi tsawo da kusan milimita 3.4. Wannan ɗan tsawon da gangan aka ƙara shi, don kada harsashin Magnum ya shiga ramin tsohuwar bindigar .38. In mutum ya gwada, gindin zai tsaya a waje, silinda ta ƙi rufuwa. Makulli ne aka gina a jikin harsashin kansa.

Abin da ake tsoro shi ne matsi. Lokacin da albarushi ya kama a cikin rufaffen rami, hayaƙinsa yana danna bangon ramin ta kowane gefe. Ƙungiyar SAAMI, wadda ke tsara ma'aunin harsasai a Amurka tun 1926, ta sa iyakar matsin .38 Special a psi 17,000 (psi ma'aunin matsi ne), wanda aka rubuta wa +P a 20,000, na .357 Magnum kuma a 35,000. Tayar motarka psi 30 da wani abu kake sa mata a gidan mai. Ka ninka wannan sau dubu, ka zuba shi a ramin da bangonsa bai wuce 'yan milimitoci ba, tazarar ɗan yatsa daga hannunka, shi ne harbi ɗaya na Magnum. Bindigar da aka gina don 35,000 ba za ta ko ji 17,000 a jikinta ba. Wadda aka gina don 17,000 in ta haɗu da 35,000, tana iya jure na farko da na biyu, mai ita ya ce ai ga shi ba abin da ya faru, sai wata rana saman silinda ya tsage, ƙarfen da ke bisa ya ɗage, ɓaraguzai su watsu hagu da dama inda mutane ke tsaye.

Saboda haka musayar nan gefe ɗaya take tafiya, wato bindigar da aka gina don mai ƙarfi ce ke cin mai rauni, kuma a cikin dangi ɗaya. Dangin ba su da yawa. Libarbar .44 Magnum, wadda ta fito a tsakiyar shekarun 1950, tana cin .44 Special da kakansu .44 Russian. Ta .454 Casull tana cin .45 Colt, harsashin da ya samo asali tun 1873, sannan .460 S&W Magnum ta 2005 tana cin su duka biyun. Ta .327 Federal Magnum tana cin .32 H&R Magnum da .32 S&W Long da gajeren .32 S&W. A ƙanana kuma, ramin .22 LR yana karɓar .22 Long da .22 Short. A kowane gida, mai raunin ya girmi mai ƙarfin a shekaru, an zo daga baya ne aka ƙara ƙarfi, yawanci tare da tsawaita kwanso.

Inda ƙa'idar abokinka ke kashe mutum shi ne wuraren da makullin tsawo ba ya aiki, kuma suna nan. Harsashin .38 Super na fistol ne, yana da ɗan ƙaramin leɓe, kuma yana iya zama a ramin wasu libarbobi na .38 Special har silinda ta rufu. Matsinsa psi 36,500 ne, ya ninka abin da aka gina bindigar don shi har da ƙari. Akwai kuma tsofaffin libarbobin Colt na ƙarshen ƙarni na 19 da aka yi don .38 Long Colt, waɗanda aka huda raminsu a miƙe ba tare da wata gaɓa a ciki ba. Irin waɗannan suna iya haɗiye .357 Magnum, alhali ƙarfensu na zamanin baƙin albarushi ne. Ga kuma Taurus Judge, ta kamfanin Brazil, da ta fito a 2006 tana cin .45 Colt da harsashin shozan (bindigar farauta mai watsa ƙananan ƙwayoyi) na .410. Don ta ɗauki na shozan sai da aka yi mata dogon rami, inci biyu da rabi ko uku, wanda ya zarce tsawon .454 Casull nesa ba kusa ba. Shi .45 Colt psi 14,000 ne, Casull kuwa 65,000. Kamfanin da kansa sai da ya ƙera wata daban mai kauri da nauyi, Raging Judge Magnum, kafin ya yarda a sa mata Casull. A duk waɗannan harsashi ya shiga, ya zauna, silinda ta rufu, kuma harba shi ganganci ne da rai.

Akwai kuskuren da ke bi ta ɗaya gefen, inda harsashi ya yi wa rami sirantaka. Mutane da yawa suna zaton .22 LR ƙanin .22 Magnum ne kamar yadda .38 yake ga .357. Ba haka ba ne, kwanson .22 Magnum ya fi kauri. In aka sa .22 LR a raminsa zai yi lilo a ciki, in an harba kwanson ya tsage, hayaƙi mai zafi da ɓarɓashin tagulla su fito ta baya.

Yanzu gwangwanin baffa. Waɗanda aka buga wa 38 S&W, duk da kamar sunan, wani gida ne daban. Harsashi ne na 1877, gajere, kwansonsa ya fi na .38 Special ɗan kauri, ƙwayarsa kuma inci 0.361 ce. Yawanci ba ya ma shiga ramin .357, in ka ga ya shiga to da ƙyar ne, kuma ba a tura harsashi da ƙarfi. Masu lamba .380 ɗin, sai ka dubi gindinsu. In suna da leɓe, to na sojan Ingila ne, wato .38 S&W ɗin ne dai da sunan da Turawan Ingila suka ba shi, wanda suka yi amfani da shi a libarbobin Enfield da Webley tun shekarun 1930, ya kuma bazu a ƙasashen da suka mulka. Da yawa daga iyayenmu ta Sudan suka biyo kafin su tsallako Bahar Maliya, don haka ba abin mamaki ba ne a tarar da irinsa a akwatin dattijo. In kuwa ba su da leɓe, sai wani ɗan kwari da ya zagaye gindin, to .380 ACP ne na fistol, wanda ba shi da abin da zai tokare a ramin bindigarka.

Saura masu 38 SPL, wato .38 Special. A lissafi sun dace da bindigarka. Abin da ya hana ni ce maka ka harba su shi ne ba wanda ya san shekarunsu, ba kuma wanda ya san ko wani ya taɓa sake cika su da hannu. Ka san zafin Jidda da ɗanshin teku. Ka zazzage su a kan farin ƙyalle ka duba da kyau: za ka ga wasu tagullarsu ta yi kore-kore a wuya ko a zagayen maƙunnin da ke tsakiyar gindi, wasu dalmar kansu ta yi farin gari kamar an barbaɗa mata toka, wasu da siririn tsagu a bakin kwanso. Tsohon harsashi yana da halaye biyu masu haɗari. Na farko, ya yi ɗan ƙara "fus" maimakon ƙara sosai, ƙwayar ta tafi rabin bututu ta maƙale. In ba ka lura ba ka sake jan kunama, ta biyu ta tarar da ta farko a hanya, bututu ya kumbura ko ya fashe. Na biyu, allura ta buga ya yi shiru, sai bayan daƙiƙa kaɗan ya tashi. A libarba wannan ya fi muni, domin in ka yi saurin sake jan kunama, silinda ta riga ta juya, harsashin zai tashi a ramin da ba ya fuskantar bututu. Shi ya sa ake koyar da cewa in ka ja ta yi shiru, ka bar bakinta a kan abin bara, ka ƙirga daƙiƙa 30 kafin ka buɗe. Kuɗin kwalin sabon harsashi bai kai a ɗauki wannan kasada ba.

Akwai wata hanyar da libarba ke cin harsashi fiye da ɗaya ba tare da dangantakar kwanso ba, ita ce sauya silinda. Kamfanin Ruger ya daɗe yana sayar da Single-Six da silinda biyu a kwali, ɗaya ta .22 LR ɗaya ta .22 Magnum, haka ma Blackhawk mai .357 da 9mm, ko .45 Colt da .45 ACP. Taurus 692 ma haka take, kuma Manurhin MR 73 ta Faransa an yi mata silindar 9mm. Dabarar tana aiki ne saboda ƙwayoyin sun kusa kauri ɗaya, ta 9mm inci 0.355 ce, bututun kuma na 0.357, sai dai wasu bindigogin saitinsu yakan ɗan ragu da siririyar ƙwayar. Silindar da ta zo tare da bindiga daga masana'anta an daidaita ta da wannan bindigar ce. Wadda aka tsinto daga wata, ko da irinsu ɗaya, tana iya tsayawa ba daidai da bututu ba, ƙwaya ta riƙa gogar gefe tana feso dalma.

Yawancin harsashin fistol ba shi da leɓe, to yaya ake fitar da kwansonsa daga libarba? An warware wannan tun 1917. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya fistol ɗinta M1911 ba ta wadaci sojoji ba, sai aka sa Colt da Smith & Wesson su ƙera libarbobi masu cin .45 ACP, kowannensu ya yi sama da 150,000. Aka yi wani siririn faranti na ƙarfe mai siffar rabin wata, yana riƙe harsashi uku ta kwarin gindinsu, ya zame musu leɓen aro. Yau ana yin mai cikakken da'ira da ke riƙe shida gaba ɗaya. Da shi ne Smith & Wesson Governor ta 2011 ke cin .45 ACP a kan .45 Colt da .410. Wannan dabarar kuma ita ta jawo wata ɓarna: bayan Yaƙin Duniya na Biyu 'yan kasuwa sun riƙa aske bayan silindar tsofaffin Webley na .455 don su ci .45 ACP da farantin, alhali psi 21,000 na wannan harsashi ya wuce abin da aka gina Webley don shi. Har yau irinsu na yawo a hannun mutane.

Bindigar abokinka sunanta Medusa Model 47. Wani ƙaramin kamfani a Texas mai suna Phillips & Rodgers ne ya ƙera ta a shekarun 1990. A kowane rami an sa wani ɗan harshe na ƙarfe mai sifirin a bayansa, wanda ke kama harsashi ko yana da leɓe ko ba shi da shi, aka kuma yi jikinta da ƙarfe mai taurin da zai ɗauki mafi ƙarfin cikinsu. Da haka take cin .357 Magnum, .38 Special, 9mm, .38 Super, .380 ACP da sauran masu kaurin milimita 9 ko kusa da haka. Lissafin 25 ɗin ya cika ne da harsasai da yawa da aka daina yi ko ba a samunsu a kasuwa. Ɗaruruwa kaɗan aka ƙera aka daina, 'yan harsunan nan suna da saurin lalacewa, yanzu sai a wurin masu tara kayan tarihi. Ina girmama basirar da aka zuba a cikinta ƙwarai. Amma ka lura, sai da injiniyoyi suka sake fasalin silinda gaba ɗaya kafin bindiga ɗaya ta yi abin da abokinka yake cewa kowace abu mahhala na yi.

A ganina, a duk waɗannan, haɗin da ke hannunka shi ya fi amfani. Judge da Governor suna da farin jini, sai dai zanen murɗe da ke cikin bututu yana watsa ƙwayoyin shozan da wuri, ƙwayar .45 Colt kuma sai ta yi doguwar tafiya a cikin rami kafin ta kama bututu, kowanne ɓangare an rage masa wani abu. Taka kuwa ba ta rasa komai. Ka yi atisaye da .38 Special: ya fi araha, ƙararsa da tunkuɗarsa a hannu sun fi sauƙi, ba zai koya maka runtse ido da fizgar kunama ba, kuma bindigar za ta fi daɗewa.

Abu biyu kawai za ka kiyaye. Gajeren kwanso yana barin milimita ukun nan na gaban rami a buɗe, toka da dalma da maiƙo su taru a wurin su yi zobe. Ka buɗe silinda bayan atisaye ka ɗaga ta ga haske, za ka gan shi, baƙin layi a zagaye cikin kowane rami. In ya yi kauri, harsashin Magnum zai riƙa shiga da ƙyar, kwansonsa ya maƙale wajen fita, kuma zoben na iya matse bakin kwanso ya ƙara matsi. Burushin tagulla da man wanke bindiga sun isa, in ana yi a kai a kai. Ranar da za ka harba iri biyun, ka fara da Magnum. Na biyu, ba wuri ɗaya suke sauka ba. Sau da yawa ƙwaya mai nauyi da tafiya a hankali takan sauka sama da mai sauri, saboda takan daɗe a bututu lokacin da bakin bindiga ke ɗagawa. Ka gwada kowanne a takarda ka san inda yake zuwa.

Batun hukuma kuma ba na wasa ba ne a ƙasar nan. Dokar makamai da harsasai ta shekarar 1426 ta Hijira, wato 2005, ta haɗa harsashi da bindiga a hukunci, kuma Ma'aikatar Cikin Gida ce ke ba da izini. Lasisi na mutum ɗaya ne a kan bindigar da aka rubuta lambarta, kuma yana faɗuwa da rasuwar mai shi, ba a gadonsa kamar yadda ake gadon akwati. Gyaran bindiga sai mai izinin gyara, sauya mata fasali kuwa, kamar faɗaɗa rami don ta ci wani harsashi, laifi ne. Tunda an sami harsasai a kayan baffa, ku bincika da kyau ko akwai bindigar da ke cin su a wani lungu na gidan, musamman in akwai yara. In an same ta kada kowa ya gwada ta, a sanar da hukuma.

Gwangwanin kuma kada ka jefa shi a shara, kada ka ƙona, kada ka bar shi a mota cikin rana, kada kuma ka bi da shi ta shingen bincike na hanyar Makka kana cewa ai na marigayi ne. Ku sa shi wuri mai sanyi da makulli, sannan kai ko babban magajin baffa ku je ofishin shurɗa, wato 'yan sanda, na unguwarku da takardar rasuwa, ku faɗi abin da kuka tarar, su gaya muku yadda za a miƙa shi. In ka je sayen sabo, ka karanta abin da ke jikin bututu, ka karanta na jikin kwali, ka ciro ɗaya ka karanta gindinsa. Taka bindigar .357 Magnum, .38 Special da .38 Special +P ne nata.